Baƙin Ciko a Turamen Haƙori: Gaskiyar Ƙarkonsa da Jita-jitar Guba

Maganganu biyu masu karo da juna ke yawo game da cikon ƙarfen nan da likitoci ke dannawa a kogon haƙoran baya. Wasu na cewa mutu-ka-raba ne, da zarar an yi shi an gama da ciwon wannan haƙorin. Wasu kuma na cewa guba ce mutum ke kwana da ita a baki, Turawa ma sun hana, don haka duk mai shi ya hanzarta a ƙwaƙule a sa masa farin ciko. Kowace magana tana da ɗan tushe, shi ya sa suka ƙi mutuwa, amma duk wadda aka bi ido rufe, haƙori za ta ci. Abin da hujjoji suka nuna shi ne cikon ƙarfe yana da ƙarko sosai a turame, ƙarkon kuma yana da iyaka, kuma wanda yake zaune lafiya lau babu dalilin taɓa shi.

Likitoci na kiran wannan baƙin ciko amalgam. Kusan rabin nauyinsa zaiba ce, sauran kuma garin azurfa da kuza da tagulla, ana kwaɓa su ya yi laushi, a danna a rami, ya daskare. Babu dalma a ciki, kuma wannan ya cancanci a faɗa da babbar murya, domin launinsa na sa mutane su ɗauka dalma ce, mu kuwa tun bala'in Zamfara na 2010 da ya kashe ɗaruruwan yara, ambaton gubar dalma kaɗai ya isa ya tayar da hankalin iyaye. An fi shekara 150 ana aiki da amalgam, kuma a shekarun 1960 aka ƙara masa yawan tagulla, abin da ya rage saurin lalacewar gefunansa.

Batun ƙarko ba sai an tsaya ga jita-jita ba, an gwada. A birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, an raba yaran makarantun Casa Pia gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu baƙin ciko, wasu fari, aka bi diddigin ciko 1,748 a haƙoran baya har shekara 7. Sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna kashi 94.4 cikin 100 na baƙin cikon suna nan daram, farin kuma kashi 85.5, sannan sabuwar ruɓewa a gefen farin ciko ta ninka ta baƙin sau uku da rabi. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken lafiya, ta tattara irin waɗannan gwaje-gwajen a 2014, ta sake dubawa a 2021, ta ga farin ciko na lalacewa kusan ninki biyu, ko da yake ta ce hujjar ba ta kai ƙarfin da ake so ba. Dalilin fifikon a fili yake. Turmi shi ke ɗaukar nauyin tauna, amalgam kuwa yana jure danniya, kuma ɗan tsatsar da yake yi da tafiyar lokaci yana toshe siririn gibin da ke tsakaninsa da bangon haƙori. Farin ciko kuma yakan ɗan tsuke lokacin da aka haska masa fitila ya daskare, ta wannan ƙofar ce ƙwayoyin cuta ke samun shiga.

Mai ja da wannan zai ce gwaje-gwajen sun tsufa, farin cikon yau ya fi na wancan zamani, kuma a kan yara aka yi su. Wannan ƙorafi yana da nauyi. Wani bincike daga ƙasar Holan da aka buga a 2010, wanda ya duba manyan ciko na tsawon shekara 12, ya samu farin ya fi baƙin daɗewa a bakin mutanen da haƙoransu ba sa saurin ruɓewa, amma a bakin masu yawan kogo baƙin ya fi riƙewa. A ganina wannan ne ya fi komai amfani a cikin duk muhawarar, domin ya nuna cewa bakin da aka sa cikon da hannun da ya sa shi suna da tasiri kamar kayan kansa. Farin ciko yana son a tsane haƙori ƙaf, ko ɗigon yawu bai yarda da shi ba, yana son na'urar zuƙe ruwa da fitila mai ƙarfi da lokaci. A asibitin da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki, ga layin marasa lafiya har waje, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Amalgam ya fi yafe kuskure.

To amma maganar har abada ƙarya ce. Abin da aka saba gani shi ne shekara 10 zuwa 15, wani ya zarce 20, wani kuma bai kai ko'ina ba. Galibi ba ƙarfen ne ke gazawa ba, haƙorin da ke riƙe da shi ne. Kamar yaɓen siminti ne a bangon ƙasa: simintin na nan da ƙarfinsa, danshi na cin ƙasar da ke bayansa, sai wata rana ya ɓamɓaro gaba ɗaya. Shayi mai sukari safe da yamma, alewa, lemon kwalba, da kwanciya ba a wanke baki ba, su ke haifar da sabon kogo a gefen cikon. Ga kuma wani rauni na amalgam da masoyansa ba sa son ambata: ba ya mannewa da haƙori, ramin ake sassaƙawa yadda zai maƙale, don haka akan cire har da ɓangaren da ke da lafiya. Idan cikon ya yi faɗi, bangon da ya rage siriri ne, sai ƙashi ko busasshiyar aya ko ƙanƙara ko murfin kwalba su tsaga shi. Mai cizon haƙora cikin barci ya fi kowa shiga wannan haɗari. Sabon ciko kuma sai ya kwana ya yini kafin ƙarfinsa ya cika, shi ya sa likita ke cewa kada a tauna abu mai tauri ta wannan gefen a ranar farko.

Saura zancen guba. Gaskiya ne ɗan tururin zaiba na fita daga cikon, musamman lokacin tauna. Abin tambaya shi ne ko ya kai ya cutar. Gwajin Lisbon mai yara 507 da takwaransa na yankin New England a Amurka mai yara 534, waɗanda aka buga a 2006, ba su ga bambanci ba a basira da ƙwaƙwalwa tsakanin masu baƙi da masu fari, duk da cewa zaibar fitsarin masu baƙin ta ɗan ɗara. Cutar da ta addabi garin Minamata na Japan a shekarun 1950 wani nau'in zaiba ne daban ya haddasa ta, wanda masana'anta ta zubar a teku ya taru a jikin kifi. Duk da haka akwai waɗanda ya kamata a kauce wa yi musu sabon baƙin ciko. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta lissafa su a 2020: masu juna biyu da masu shirin ɗauka, masu shayarwa, ƙananan yara, masu ciwon ƙoda ko na jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da waɗanda jikinsu ba ya karɓar zaiba. Hukumar dai ba ta ce a cire wanda yake lafiya ba.

Hanin da ake kafa hujja da shi ma gaskiya ne. Norway ta hana a 2008, Suwidin a 2009, Tarayyar Turai daga farkon 2025 in ban da larura, kuma yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya da Nijar da Ghana ke ciki, ta wajabta rage amfani da shi. Sai dai babban dalilin shi ne muhalli, wato zaibar da ke bin magudanan asibitoci ta ƙare a ruwa da ƙasa. Ina goyon bayan wannan sauyi, muddin an tanadi madadin da talaka zai iya biya. Amma daina sa sabo daban, farfasa tsohon da ke aikinsa daban. Lokacin huda cikon ne tururin zaiba ya fi tashi, kuma duk sauyin ciko sai ramin ya ƙara faɗi, ya ƙara kusantar jijiya, daga nan sai maganar kashe jijiya ko cire haƙorin ɗungurungum.

Cikon da ya cancanci a sauya shi ne wanda ya tsage, ko yake motsi, ko abinci ke maƙalewa a gefensa, ko haƙorin ke zogi idan an cije, ko ruwan sanyi ya taɓa shi zafin ya ƙi wucewa. Wani kogon kuma yakan ci ta ƙarƙashi ba tare da ciwo ba, sai hoton haƙori ke tona shi, don haka mai ciko ya riƙa kai bakinsa a duba ko da sau ɗaya a shekara, ko da ba ya jin komai.