Abin da shafin intanet ke ɗauka daga hannunka

Duk wanda ya buɗe shafin intanet, kafin ya gama karanta layin farko shafin ya riga ya fara tattara bayanansa. Yakan ajiye lambar adireshin da wayarsa ta shigo da ita, wadda ke nuna yankin da yake, da irin wayar, da lokacin shigarsa, da abin da ya latsa. Sannan ya ajiye wani ɗan ƙaramin fayil a cikin wayar, wanda ake kira kuki, don ya gane shi in ya dawo.

Wani kukin na mai shafin ne, kuma yana da amfani: shi ke hana a tambaye ka kalmar sirri kowane lokaci, shi ke riƙe kayan da ka zaɓa kafin ka biya. Wani kuwa na kamfanonin talla ne, yana bin ka daga shafi zuwa shafi. Shi ya sa uwargida za ta duba farashin atamfa da safe, da yamma ta ga tallan atamfa ya cika mata Facebook.

Shafin kirki yakan kulle bayanai a kan hanya, alamarsa ita ce adireshinsa ya fara da https. Sai dai kullewar hanya ba ta nuna mai shafin mai amana ne. Shafukan bogi da ake yaɗawa a WhatsApp da sunan tallafin gwamnati, masu neman lambar BVN da NIN da ranar haihuwa, su ma suna iya samun wannan alama. Da waɗannan bayanai ake damfarar mutane, ake cin bashi da sunayensu.

Doka ba ta bar mu haka nan ba. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba ka ikon tambayar kamfani abin da ya tara a kanka, ka sa ya gyara kuskure, ya goge, ko ka janye yardarka. Idan aka sace bayanan da ke iya cutar da masu su, wajibi ne kamfanin ya sanar da hukumar cikin awa 72. A watan Yulin 2024 kuma hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, bisa zargin sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba da yardarsu ba.

Amma doka ba za ta riƙe maka yatsa ba. Kafin ka danna "Na yarda", duba wa ke tambaya da kuma dalilinsa. Ka ƙi kukin talla in an ba ka zaɓi. Kada ka rubuta BVN ko lambar sirrin katinka a shafin da aka turo maka ta saƙo, ko da ɗan'uwa ne ya turo. Ka kuma faɗa wa iyaye da ƙannenka, domin su ne aka fi yi wa wannan tarko.