Maganar hannu ba ta hana kurma karatu

Akwai wata shawara da ake yawan bai wa iyayen yaro kurma, kuma masu bayar da ita mutanen kirki ne: kakanni, maƙwabta, wani lokaci har malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Sukan ce, "Ku daina yi masa da hannu. In ya saba da maganar hannu zai yi ƙyuyar buɗe baki, kuma Turanci ba zai taɓa zama a kansa ba." Idan aka nemi hujja sai su ce a duba rubutun kuramen da suka gama sakandare, Turancin a karye, kalmomi gaba a baya. Daga nan sai a yanke ɗaya daga cikin hukunci biyu: ko dai maganar hannu ce ta ɓata su, ko kuma dama kan kurma ba ya ɗaukar boko, gara a kai shi wajen tela ko kafinta tun da wuri.

Ban yarda da wannan magana ba, amma ba na raina masu yin ta, domin abin da idonsu ya gani gaskiya ne. Kurame da yawa suna shan wahalar karatu da rubutu, kuma ba a nan kaɗai ba. A Amurka, inda kuɗi da kayan aiki ba su yanke ba, wani nazari kan sakamakon jarrabawa da aka wallafa a 2000 ya nuna kusan rabin ɗalibai kurame masu shirin barin sakandare ba su wuce matakin karatun ɗan aji huɗu na firamare ba. To matsalar tana nan daram. Inda muka raba hanya da masu waccan shawara shi ne wajen gano daga ina ta taso.

Yaro mai ji ba a aji yake koyon harshe ba. Tun yana goye a bayan uwarsa yake kwasar magana, a tsakar gida, a kasuwa, a bakin rediyo, har da faɗan da ba da shi ake yi ba. Ranar da aka kai shi makaranta yana ɗauke da dubban kalmomi, ya san tambaya, ya san labari, ya san jiya da gobe. Aikin malami kawai ya nuna masa cewa wannan baƙin da wannan wasalin su ne sautin da ya riga ya sani. Su kuwa kurame, fiye da 90 cikin 100 ana haifarsu ne a gidan da uwa da uba duk masu ji ne, waɗanda ba su taɓa zaton za su buƙaci wata hanyar magana ba.

Ku dubi irin wannan yaro da daddare, an kewaye kwanon tuwo. Yayansa ya faɗi wani abu, kowa ya tuntsure da dariya. Yaron ya bi fuskokinsu da kallo, ya taɓa hannun uwarsa, ya ɗaga gira yana tambaya. Ita kuma, da ludayi a hannu, ta yi masa alamar "bari, anjima." Anjiman ba ta zuwa. Ba ƙiyayya ba ce, ita ma ba ta da abin da za ta gaya masa da shi. Alamomin da ke tsakaninsu ba su fi na "zo", "ci", "kwanta", "bari" ba. Haka zai yi shekara shida, ko takwas, wani ma goma, ana ƙaunarsa, ana ciyar da shi, amma ba wanda ya taɓa ba shi tatsuniya ko ya bayyana masa dalilin da ya sa aka yi kuka a gidan maƙwabta.

Sai a ce to ai zai iya karanta leɓe. Ku tsaya gaban madubi ku ce "baba" sannan ku ce "mama" ba tare da sauti ba: motsin ɗaya ne. Ku gwada "kare", "gare" da "ƙare": abin da ya bambanta su yana can cikin baki inda ido ba ya kaiwa. Karin sauti kuwa, wanda Hausa ke bambanta ma'ana da shi, ba shi da wata alama a leɓe. A Turanci ma masana sun kiyasta cewa abin da ake iya gani a leɓe bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, sauran cike gurbi ne, kuma mai cike gurbi sai wanda ya riga ya san harshen.

Wannan yaron ne ake zaunarwa a aji, a ɗora masa littafin Turanci, harshen da bai taɓa ji ba, wanda ko iyayensa ba sa yi a gida, alhali ba shi da wani harshe cikakke da za a yi masa bayani da shi. Kamar a miƙa wa mutum guga ne a ce ya ɗebo ruwa a rijiyar da ba a haƙa ba. In ya kasa sai a ce hannu ne ya ɓata shi, alhali hannun ma ba a ba shi da wuri ba.

Masu bincike sun daɗe da lura da wani abu da ya kamata ya tsayar da duk mai zargin maganar hannu. Tun shekarun 1960 ake gani a makarantun Amurka cewa kuramen da iyayensu ma kurame ne, wato waɗanda suka tashi da maganar hannu tun suna jarirai, sukan fi takwarorinsu 'ya'yan masu ji iya karatun Turanci. Da a ce hannu ne ke hana karatu, ai da su ne za su zo na ƙarshe. A 1997 Michael Strong da Philip Prinz sun auna ɗaliban wata makarantar kurame a Kalifoniya, suka tarar galibi waɗanda suka fi ƙwarewa a maganar hannu su suka fi ƙwarewa a karatu da rubutun Turanci. Sai kuma aikin Rachel Mayberry da abokan aikinta da ya fito a mujallar Nature a 2002. Sun gwada manya a nahawun Turanci, sai ga shi kurman da ya sami maganar hannu tun yana ƙarami ya yi kafaɗa da kafaɗa da mai jin da ya tashi da wani harshe ya koyi Turanci a makaranta. Waɗanda suka faɗi warwas su ne waɗanda suka wuce shekarun farko ba su da harshe ko ɗaya. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta damu ko ta kunne harshe ya shigo ko ta ido ba, abin da ba ta yafewa shi ne ya makara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shawarar hana hannu kuma ba sabuwa ba ce, an gwada ta, an ga ƙarshenta. A 1880 malaman kurame suka yi babban taro a birnin Milan na Italiya, kusan dukkansu masu ji, suka zartar cewa a koyar da kurame da baki kawai. Makarantun Turai da Amurka suka bi. Aka sallami malamai kurame, aka riƙa sa yara su zauna a kan hannuwansu, wasu a ɗaure, wasu a buge. Bayan kusan shekara ɗari ana haka, Reuben Conrad ya auna kuramen da ke barin makaranta a Ingila, ya wallafa sakamakon a 1979: matsakaicinsu yana karatu ne kamar ɗan shekara tara, kuma maganar bakin da aka sadaukar da komai dominta, ta yawancinsu ba a gane ta sosai. A 2010, a Bankuba ta Kanada, taron malaman kurame na duniya ya fito fili ya yi watsi da matsayar Milan, ya nuna nadama. Bai kamata mu ɗauko abin da masu shi suka jefar mu ɗora wa 'ya'yanmu ba.

A ƙarƙashin wannan zargi akwai wani zato da ba a cika furtawa ba, cewa maganar hannu kwaikwayo ce kawai, ba harshe ba. William Stokoe na kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Washington ya nuna tun 1960 cewa tana da ginin kalma da nahawunta. A nan gida, Constanze Schmaling ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi guda kan Maganar Hannu ta ƙasar Hausa, ya fito a 2000. Wanda ya taɓa tsayawa inda kurame ke hira da yamma ba ya buƙatar littafi. Zai ga ana gardamar ƙwallo da siyasa, ana ba da labari ana ajiye mutum ɗaya a dama ɗaya a hagu, ana komawa kansu da nuni, gira da kumatu suna aikin da karin murya ke yi mana. Malaman fikihu ma tun ƙarnoni da suka wuce sun karɓi isharar bebe da aka fahimta a ciniki da aure da saki. Abin da ya isa a ƙulla aure da shi ya isa a koyar da yaro haruffa da shi.

Gaskiya ne ana ganin sawun maganar hannu a rubutun kurma. Yakan fara da lokaci, ya kawo abin da ake magana a kai, sannan aikin, ya bar ƙananan kalmomin Turanci da ba su da takwara a hannu. Amma ku karɓi takardar insha'in ɗan sakandare mai ji a Katsina ko Gusau, za ku tarar da Hausa kwance a ƙarƙashin Turancinsa. Haka duk mai koyon harshe na biyu yake, kuma alama ce ta cewa akwai harshe na farko da za a yi gini a kai. Mun ma taɓa yin irin wannan muhawara a kan harsunanmu. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare ba su gaza a Turanci ba, sun ma fi waɗanda aka juya su zuwa Turanci da wuri fahimtar darussa.

Namu kurman yana da ƙarin kaya. Maganar hannun da ake yi a makarantun Nijeriya asalinta ta Amurka ce, wadda Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan Amurka, ya kawo lokacin da ya buɗe makaranta a Accra a 1957, sannan a Ibadan a 1960. Saboda haka yaro Bakano yakan baro gidan da ake Hausa, da ɗan abin da ya tsinta na maganar hannun gari, ya shiga ajin da alamominsa daban ne kuma rubutunsa Turanci ne. Wannan ma da sauƙi in malamin ya ƙware. Abin da ke ci mini rai shi ne ajin da aka turo wa malamin da bai iya hannu ba. Zai cika allo da rubutu, ya nuna, ya zauna. Yara su kwafe tsaf, layi a miƙe, rubutu kamar na ɗab'i. Ka ɗauki littafin yarinya ka sa yatsa a kan jimla ɗaya ka tambaye ta me take nufi, sai ta sake rubuta maka ita. Shekara shida ana wannan, sannan a zauna a ce kan kurma ba ya ja.

Ba ina cewa a rufe ƙofar magana da baki ba. A yankinmu da sanƙarau da ƙyanda ke kurmantar da yara bayan sun fara magana, wajibi ne a riƙe musu maganar da suka riga suka samu, a ci gaba da yi musu hira fuska da fuska. Wanda ke da ragowar ji, na'urar taimaka wa ji za ta amfane shi in an samu. Sai dai ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar a ɗaure wa yaro hannu. Biyun suna tafiya tare, kuma in na'urar ta lalace ko batir ya ƙare, hannu yana nan.

Haka kuma iya maganar hannu kaɗai ba ya mayar da yaro makaranci, sai an sami mai haɗa masa ita da takarda. Ƙwararren malami yakan buɗe littafin labari, ya fara ba da labarin gaba ɗaya da hannu har yara su shiga ciki, su yi gardamar ko akuyar ta kyauta ko ba ta kyauta ba. Sannan ya nuna hoton akuyar, ya yi alamarta, ya harhaɗa haruffan sunanta na Turanci da yatsu, ya sa yatsa a kan kalmar a shafi, ya sake komawa alamar. Daga baya ya rubuta jimla ɗaya a allo ya ce, ga yadda muke faɗa da hannu, ga yadda Turanci ke jera ta, ku nuna mini inda suka bambanta. Sha'awar rubutu kuwa ba sai an cusa musu ba. Tun da waya ta shigo, kurame da yawa kan yini suna tura saƙo a WhatsApp da Facebook, domin ta nan suke ciniki, suke neman aiki, suke gaisawa da dangi.

Saboda haka in uwa ta zo da ɗanta ɗan shekara biyu ta ce ba ya waiwayowa in an kira shi, bayan an tura ta asibiti a duba kunnen, a haɗa ta da manyan kurame na unguwa ko na gari, ta riƙa kai yaron wurinsu, ita da yayyensa su koyi hannun tare da shi, kada a jira shekarar shiga makaranta. Goggo da kawu masu ba da shawara su ma su koyi gaisuwa da 'yan kalmomi, ba abin kunya ba ne. Hukumomin ilimi kuma su daina tura malami ajin kurame sai ya zauna gaban kurame sun tabbatar ana gane shi. Akwai kurame masu takardar NCE da digiri, wasu daga kwalejin horar da malaman ilimi na musamman da ke Oyo. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta tanadi a ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Azuzuwan farko na makarantun kurame ne wurin da ya fi dacewa a fara cika wannan alkawari.