Sunan Mai Hoto

Idan ka juya bayan abin wuyan nan na azurfa da duniya ta sani da gicciyen Agadas, sau da yawa za ka tarar da 'yan haruffa da aka zana da tsinin ƙarfe, wasu da rubutun Tifinag na Abzinawa, wasu da boko. Sunan maƙerin ke nan. Shi ya siffanta abin da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin, sannan ya zauna da magagari yana gyara. Bayan wannan wahala sai ya sa suna, don ko kayan ya kai Kano ko Faransa a san hannun da ya fito. Dillali mai mutunci ba ya kankare wannan suna.

Hoto ma aikin hannu ne, sai dai a waya ba shi da bayan da za a juya. Da wuya a sami abin da ake ɗauka a Agadas kamar hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, ginin ƙasa zalla, wadda aka kafa a 1515 aka sabunta a 1844. Tun da UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, hotunanta suka ƙara cika intanet. Kowane ɗaya akwai wanda ya yi sammako dominsa, ko ya roƙi a bar shi ya hau soro, ko ya jira har la'asar sakaliya don inuwar itatuwan da ke jikin ginin ta kwanta yadda yake so. Ya ɗora a Facebook da sunansa. Wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, ya yanke gefen da sunan yake, ya tura zauren WhatsApp na 'yan unguwa. Kafin magariba hoton ya ratsa Arlit, Damagaram da Yamai, maraya.

Ba duka ne laifin mutane ba. Kyamara tana ɓoye bayanai a cikin kowane hoto, waɗanda ake kira EXIF: rana, sa'a, irin na'ura, wani lokaci har wuri da sunan mai ita. WhatsApp da Facebook suna share mafi yawansu idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba. Ke nan idan mai turawa bai rubuta sunan da yatsansa ba, babu abin da zai rubuta masa.

Ladabin ambaton mai aiki ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Malamai sun san salsala, kuma ɗalibin da ya kawo magana ba tare da ya ce daga wa ya ji ta ba, ba a ɗaukar ta da nauyi. A ɓangaren Turawa ma, Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Agadas a 1850 da sunan Abdulkarim, ya yi zane-zane a kan hanya. Da aka buga littafin tafiyarsa a 1857 da 1858, an nuna a ƙarƙashin hotunan cewa zanen farko nasa ne, wanda ya ƙawata su kuma Johann Martin Bernatz ne. Saboda wannan 'yar ƙa'ida, masanin tarihi ya san wanda ya gani da idonsa da wanda ya zana daga Jamus.

Darajar suna da shekara ta fi fitowa idan abin da aka ɗauka ya gushe. Bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a cikin rairayi ayarin gishiri suna saiti da ita a hanyar Bilma, mota ta kayar da ita a 1973, aka kai gawarta gidan tarihi na Yamai. Hoton da aka fi yaɗawa nata tana raye na Michel Mazeau ne, na 1961. Wanda ya tura shi babu suna babu shekara ya cuci mai hoton, ya kuma ruɗi yaron da zai ɗauka bishiyar tana nan.

Labarin da ya fi nuna abin da suna ke jawowa ya faru ne da waƙa, amma ta hanyar da hotuna ke bi. A 2008 wani matashin makaɗin gita, Mdou Moctar, ya je Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa. Ba su shiga kasuwa ba, sai suka bi Bluetooth da katin waya daga hannu zuwa hannu har arewacin Mali. A Kidal wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, yana kwafar waƙoƙi daga wayoyin mutane, ya ci karo da ɗaya daga ciki. Yawancin abin da ya tara ba ya ɗauke da cikakken bayanin masu shi. Da ya so da ya buga abinsa, babu mai tuhumarsa. Sai ya shiga cigiya ɗaya bayan ɗaya, ya nemi izini, kuma da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones a 2011, kashi 60 cikin 100 na kuɗin aka ware wa mawaƙan. Daga wannan cigiya aka kai ga fim ɗin da aka shirya a Agadas da harshen Tamashek, wanda ya fito a 2015 Mdou yana jarumi, daga nan kuma sai dandamalin Turai da Amurka. Basirar tasa ce tun farko, amma sai da aka haɗa ta da sunansa ta ciyar da shi. Mai ɗaukar hoton biki a Agadas ma ta haka yake samun aiki: wani ya ga hoto, ya ga suna, ya kira.

Doka tana nan. Nijar tana cikin yarjejeniyar Berne ta 1886 da ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta Afirka, OAPI, da aka kafa bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2010, da hukumar BNDA mai kula da wannan haƙƙi. Abin lura a ciki shi ne, ko mai hoto ya sayar da hotonsa, haƙƙin a ambace shi yana nan. Haka kuma ambaton suna ba ya zama izini: wanda zai sa hoto a tallar otal, ko kalanda, ko fostar siyasa, sai ya tambaya, in an ce ya biya ya biya. Hotunan da ke ƙarƙashin lasisin Creative Commons, irin na Wikipedia, kyauta ne, amma akasarinsu da sharaɗin a faɗi mai su.

Akwai mutum na biyu da ake yawan mantawa, wato wanda ke cikin hoton. Samarin Woɗaaɓe a bikin Ingal na watan Satumba, da 'yan rawar bikin Biyanu da rawunansu, fuskokinsu sun zagaya duniya ba tare da an san ko su wane ne ba. Wanda ya yi kwalliya ya fito fili da sauƙi. Amma matar aure a cikin gida, ko mara lafiya, ko baƙon da ke jiran motar Libiya a tasha, hotonsu yana iya kai su ga kunya ko haɗari. A ganina nan tambaya wajibi ce, in an ce a'a kuma a mayar da waya aljihu.

Aikin kansa bai kai minti ɗaya ba: a rubuta suna, da wuri, da shekara a ƙarƙashin hoto. A Facebook a yi amfani da maɓallin rabawa maimakon a sauke hoton a sake ɗorawa, don ya tafi da asalinsa. A WhatsApp, in aka tura shi a matsayin takarda, bayanansa na ciki ba sa gogewa. In ba a san mai shi ba, Google Lens ko TinEye suna iya nuna inda ya taɓa fitowa, kuma ta nan ake kama tsohon hoton ambaliya ko hatsari da aka dawo da shi a matsayin na yau. In an nema ba a samu ba, sai a rubuta cewa ba a san mai hoton ba, ana cigiya. Ranar da mai shi ya bayyana, a sa sunansa a kan hoton da aka riga aka ɗora, in ya ce a cire kuma a cire.