Birkin Keke, Alƙali da Jita: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Matashin Mai Wurno ko na ƙauyukan Jazira a Sudan da kiɗan Mdou Moctar ya shiga ransa, yana cigiyar ire-irensa, ba sai ya leƙa Amurka ba. Tsakanin ƙasar da kakanninsa suka baro bayan yaƙin Burmi na 1903 da bakin Nilu inda suka yada zango, gwanayen jita na nan birjik.

Wayar birki. Mdou Moctar, bahagon makaɗi ɗan Abzinawan Nijar, ya tashi a gidan da ba a son kiɗa. Sai ya sami katako, ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, ya koya wa kansa. Ibrahim Ag Alhabib na Tinariwen ma da gwangwani da sanda da wayar birki ya fara, ga shi ƙungiyarsa ta ci kyautar Grammy a 2012. Wanda ya san kuntigin Ɗan Maraya Jos mai tsirkiya ɗaya ya san ba tsadar kayan kiɗa ke ratsa zuciya ba.

Daga Sakkwato aka fara. A can Mdou ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da muryar nan da kwamfuta ke lanƙwasawa irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kanti ya yaɗa shi ba. Samari ne ke tura wa juna ta Bluetooth, daga memori zuwa memori, har ya faɗa kunnen Ba'amurke Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, wanda ya sa waƙarsa a wani kundi a 2011. Bayan shekara 10, kamfanin Matador, gidan mawaƙan rok masu zaman kansu, ya fitar masa da Afrique Victime.

Bombino na Agadas. Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys ne ya shirya masa kundin Nomad a 2013. Kundinsa Deran kuwa shi ya fara kai ɗan Nijar takarar Grammy.

Alƙali da rana, makaɗi da dare. Almeida, jagoran ƙungiyar Tal National a Yamai, ya yi aikin shari'a yana kuma kaɗa jita. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. A nemi kundinsu Kaani na 2013, ƙafa ba za ta zauna ba.

Mata ba a bar su a baya ba. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad na Nijar a ɓoye ta koya da jitar wanta, yau ta zaga Turai da Amurka. A Sudan kuwa, Zakiya Abul Gasim ce macen farko da ta yi suna da jita, tana kaɗawa tare da mijinta Sharhabil Ahmad, wanda ake wa laƙabi da sarkin jaz na Sudan. Kafin su, A'isha Falatiya, wadda asalinta daga Afirka ta Yamma ne, ta buɗe wa mata ƙofar Rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940.

Jita mai jiki biyu. Noori, ɗan ƙabilar Beja a Port Sudan, ya haɗa wuyan jitar lantarki da tsohon tambur na gargajiya, ya fitar da abin da babu irinsa. Da shi aka kaɗa kundin Beja Power a 2022.

Dabarar farauta. In waƙa ta burge ka, duba wa ya shirya ta, wane kamfani ya fitar, da wa mai ita ya hau dandali. Kowane suna zai kai ka ga wani.

Sai roƙo ɗaya. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya tarwatsa gidaje a Wad Madani da kewayenta, kaset-kaset da memori da yawa sun salwanta. Duk mai tsohon kiɗan garaya ko na biki da aka naɗa a ƙauyensu, ya kwafa ya raba wa 'yan'uwa tun yau, domin irin wannan babu kamfanin da ya ajiye mana shi.