Wuƙa Mai Zarto: Amfaninta Da Haɗarinta Ga Mutanen Gwagwalada

Tun lokacin da aka keɓe Yankin Babban Birnin Tarayya a cikin 1976, garin Gwagwalada da ke kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja ya yi ta bunƙasa, amma har yanzu noma shi ne abin dogaron ƙauyukan da ke kewaye da shi. Manomin doya yana bukatar sandunan da doyarsa za ta hau, mai lambun mangwaro yana sassabe rassa, Bafulatani kuwa yakan yanko wa shanunsa ganye da rani. Don haka ba abin mamaki ba ne da wuƙar nan mai haɗe da zarto ta sami masu sha'awarta, ko da yake ra'ayi ya rabu a kanta.

Iri biyu ne. Akwai ta aljihu mai ninkewa, wadda wuƙa da ɗan zarto suke kwance cikin ƙota ɗaya. Wadda ta fi suna ita ce ta kamfanin Victorinox na ƙasar Suwizalan, wanda Karl Elsener ya kafa a garin Ibach cikin 1884, ya kuma fara ƙera wa sojan ƙasarsa wuƙaƙe a 1891. Ɗaya irin kuwa doguwar wuƙa ce mai kube, wadda aka fitar wa haƙora a gadon bayanta. Sojan Jamus sun riƙe irinta a bakin bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kāna fim ɗin First Blood na 1982 ya sa samari suka yi ta yayinta.

Masu yabo suna cewa kaya ɗaya ya fi biyu sauƙin ɗauka, kuma zarto ba ya tsaga reshe kamar yadda adda take yi, saboda haka itacen yakan warke da wuri. Wannan magana gaskiya ce.

Amma kafintoci da maƙera suna da hujja mai ƙarfi, musamman a kan mai kube. Zarton ƙwarai siriri ne, kuma ana karkata haƙoransa, wannan dama wancan hagu, domin hanyar da yake buɗewa ta fi jikinsa faɗi, kada katako ya cije shi. Wuƙa kuwa bayanta ne wuri mafi kauri. Idan aka yi haƙora a nan, sai mutum ya yi ta gurza yana gumi, aikin bai taka kara ya karya ba, in ɗanyen itace ne ma nan da nan gari ya toshe haƙoran. Abin da ya fi muni shi ne, sa'ad da ake yanka da baya, kaifin wuƙar yana kallon sama, watau wajen fuskar mai aikin da hannunsa na hagu. In kuma aka juyo za a yi fiƙe, babu inda za a ɗora babban yatsa sai kan haƙora. Kuben fata ma ba ya daɗewa, gama kullum haƙoran suna cinsa.

Ta aljihu ta fi wannan iya yankan itace nesa ba kusa ba, domin zartonta dabam yake, siriri. Haɗarinta yana wajen ninkewa. A yawancinsu wani ɗan ƙarfe mai tauri ne kawai yake riƙe zarton a buɗe. Muddin ana dannawa ƙasa ba abin da zai faru, amma da zarar reshe ya cije shi, mai aikin ya ɗaga ƙota da ƙarfi don ya zare, sai ya rufe a kan yatsu. Shi ya sa masu ƙira suka koma ga sakata. Kamfanin Opinel na Faransa ya sa wa wuƙaƙensa zoben kullewa tun 1955, wuƙar da sojan Suwizalan suka karɓa a 2008 ita ma tana da sakata a babban kaifinta, sai dai zartonta ba shi da ita. To, idan haka abin yake ga ta asali, ina ga jabun da ake shimfiɗawa a bakin tasha?

Raunin zarto ba kamar na wuƙa ba ne. Yaga nama yake yi, yana tura datti a ciki, kuma jijiyoyin yatsa suna kusa da fata ƙwarai. Wanda ya ji irin wannan rauni a gona, ya wanke shi da ruwa mai tsabta, ya ɗaure, ya nemi allurar rigakafin tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora. Idan yatsa ya ƙi lanƙwasawa, alama ce jijiya ta tsinke, sai a garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke cikin garin.

Mai saye ya buɗe zarton a gaban mai kaya, ya danna bayansa a hankali, yatsunsa nesa da hanyar rufewa. In ya motsa, ya ajiye masa abinsa. Reshen da ya fi wuyan hannu kauri kuwa aikin adda ne ko cikakken zarto.