Kuɗin Tsufa: Yadda Za Ki Ware Shi Ko da Rayuwa Ta Yi Tsada

Ma'aikacin gwamnati yana da ranar ritaya, yana da fansho. Mai tuyar ƙosai ba ta da ko ɗaya. Ranar da gwiwa ta ƙi, ko ido ya daina jure hayaƙi, ranar ce ritayarta, kuma ba wanda zai aiko mata da takardar sanarwa. Duk lokacin da na tayar da wannan magana a wurin taro, sai wata cikin iyayenmu ta ce, "Ai 'ya'ya su ne fanshonmu." Allah ya raya su, ya yi musu albarka. Amma ki dubi yadda samarin yanzu ke fama da nasu gidajen. Ɗan da ke son taimaka miki daban, wanda ke da halin yi daban.

Wata kuma mijinta take kallo. To, ki tuna idan ta Allah ta kasance a kansa kuma akwai 'ya'ya, tumunin takaba ne rabonki, wato ɗaya bisa takwas na abin da ya bari, in kuna da yawa ku raba shi tsakaninku. Shi ya sa muke so kowace mamba ta kasance da abin da za ta nuna ta ce wannan nawa ne.

Me ya sa ajiyar tsabar kuɗi ba ta isa ba?

Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa, kuma a shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Ga ma'anar wannan a aljihunki: dubu goman da kika ƙulle a ƙasan adaka, bayan shekara ɗaya abin da za ta saya bai wuce na naira 7,700 ba. Ba ɓarawo, ba gobara, amma kuɗin ya ragu. Akwatin ƙungiya ya fi adaka, domin kuɗin yana juyawa a hannun mambobi. Sai dai akwati na zango ɗaya ne, ana fasa shi a raba. Tsufa kuwa tanadin shekara ashirin ne ko fiye.

Saboda haka ranar rabo ita ce ranar da ake cin nasara ko a faɗi. Kafin ranar ta zo, tun kuɗin bai shiga hannu ba, ki yanke a ranki kashi uku: na jari, na gaggawa, da na tsufa. Na tsufan ko ɗaya bisa goma ne ya isa a fara. Idan kika bari sai kin karɓa, wallahi anko da gudummawar biki za su riga ki.

Ina za a sa shi?

Ki mayar da shi abin da farashinsa ke tafiya tare da kasuwa. Mafi sauƙi a wurinmu shi ne kiwo. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, sau da yawa ta haifi biyu, kuma ranar buƙata ba a neman mai saye a rasa. Amma kiwo yana da ci, dusa ma ta yi tsada, ga ciwo ga sata. Ki yi musu rigakafi, kuma idan a ƙauye za ki bayar a riƙe miki, a faɗi yadda za a raba 'ya'yan a gaban shaidu, ko da ƙaninki ne.

Sayen wake ko masara da kaka a sayar da bazara yana kawo riba, amma ni ban ɗauke shi kuɗin tsufa ba, sana'a ce. A 2025 farashin hatsi ya faɗi, masu ajiya da dama suka sayar ƙasa da yadda suka saya.

Idan awaki sun taru, a rage su a haɗa kuɗin fili ko 'yar gona. A nan ne mata suka fi cutuwa, domin kunya takan sa a rubuta sunan miji ko na babban ɗa. Kuɗinki ne, sunanki za a rubuta a takardar ciniki, da sa hannun shaidu da sanin mai unguwa. Ki ɗauki hoton takardar a waya, ki ba wata amintacciya kwafi.

Akwai kuma fansho na masu sana'ar hannu, wanda hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ƙaddamar a 2019. Ana buɗe shi a kamfanonin fansho masu lasisi, kina zuba abin da ya sawwaƙa duk lokacin da kika samu. Wani kaso kina iya cirewa idan buƙata ta taso, sauran sai kin cika shekara 50. Amfaninsa a ganina shi ne hannu ba ya kai masa da sauƙi. Kafin ki sa hannu, ki tambayi inda suke juya kuɗin, musamman idan kina gudun kuɗin ruwa, kuma ki rubuta sunan magajinki a fom ɗin.

Duk wanda ya ce ki kawo dubu hamsin ya mayar miki ɗari cikin wata ɗaya, ki riƙe kuɗinki. Haka MMM ta yi da mutane a 2016, kuma irinta ba su ƙare ba, suna kawai suke canzawa.

Idan wata ya yi zafi fa?

Zai yi, ba makawa. A irin wannan lokaci ki rage zubi, kada ki daina. Idan kin saba hannu biyar, ki koma hannu ɗaya har abu ya lafa. Rashin lafiya ko rasuwa, ki fara da asusun taimakon ƙungiya, sannan kasonki na gaggawa, sannan rancen akwati idan kin san sana'arki za ta biya. Akuyar tsufa ita ce ta ƙarshe da za a kai kasuwa, kuma in dole ta sa, a sayar da bunsuru a bar uwar.