Wayarka ta ce digiri 39, amma nawa ne a cikin gidan kallo?

A watan Afrilu, wasan Firimiya da ake take wa ƙarfe 3 na rana a Ingila, ƙarfe 3 ɗin ne a nan Najeriya, domin a lokacin agogonsu da namu sun zo daidai. Wato dai lokacin da rana ta gama dafa kwano, shi ne lokacin da matasa ke cika gidajen kallon ƙwallo a Rano, Rurum da Kibiya. Idan ka duba waya za ta ce maka zafi digiri 39 ne ko 40. Wannan lambar ba ta ɗakin da kake zaune ba ce.

Lambar waya daga intanet take zuwa. Ko dai daga tashar auna yanayi, irin wadda ke filin jirgin saman Malam Aminu Kano mai nisan sama da kilomita 50 daga Rano, ko kuma ƙiyasi ne na kwamfuta. A tashar yanayi kuwa ana ajiye ma'aunin ne a cikin farin akwati mai tagogi, a fili, sama da ƙasa da mita ɗaya da ɗoriya zuwa biyu, iska na ratsa shi, rana ba ta taɓa shi. Ina wannan, ina ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin, an toshe tagogi don hoto ya fito?

Sannan ga mutane. Jikin babban mutum da ke zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100. Mutum 60 a kan benci ke nan wat 6,000, kamar a kunna dutsen guga na lantarki guda shida, kowane mai wat 1,000, a bar su tsawon minti 90. Ba a ma lissafa talabijin da dikoda ba, balle tsalle da ihu idan an zura ƙwallo.

To ta yaya mai gidan kallo zai san ainihin zafin ɗakinsa, har ya gan shi a jikin allo? Akwai ƙaramin ma'aunin zafi da ake sokawa a kafar USB, girmansa kamar filashi. Wanda ya fi yawo a kasuwa shi ne mai suna TEMPer. A cikinsa akwai ɗan guntun silikon, kuma silikon yana da wata ɗabi'a mai amfani: idan lantarki na ratsa mahaɗarsa, ƙarfin da ake buƙata yana raguwa da kusan kashi 2 cikin 1,000 na bolt ɗaya duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Raguwar tana tafiya daidai wa daida, shi ya sa ake iya juya ta ta zama lamba. Wutar da na'urar ke ci, bolt 5, daga kafar USB ɗin take samu, ba ruwanta da batir. Abin dariya ma, takan gabatar da kanta ga kwamfuta a matsayin dangin allon rubutu da linzami, shi ya sa ba a cika wahalar haɗa ta ba.

Nuna lambar a talabijin shi ne aikin manhaja. Wadda aka fi sani ita ce Kodi, manhajar kyauta ta kallon finafinai da tashoshi, wadda a da ake kira XBMC kafin a sauya mata suna a 2014. Kodi tana nuna yanayin gari, amma daga intanet take ɗaukowa, irin na wayarka. Tana kuma iya nuna zafin ƙwaƙwalwar na'urar da take kai, wanda shi ma ba zafin ɗaki ba ne. Don ta nuna na ɗaki, sai an rubuta mata ɗan ƙaramin ƙari da yaren Python. Aikinsa uku ne kawai: ya tambayi ma'aunin duk bayan minti ɗaya, ya miƙa wa Kodi lambar, a kuma gyara fuskar manhajar ta ajiye ta a wani lungu na allo. Wannan ya fi sauƙi a kan Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfuta mai Linux. A kan akwatunan Android da suka cika kasuwa abin kan yi gardama, saboda ba su cika ba wa manhaja izinin taɓa kafar USB kai tsaye ba.

Sai dai fa inda mutane ke faɗawa rami shi ne wurin ajiye ma'aunin. Idan ka soka shi kai tsaye a jikin kwamfuta, ƙarfen kafar zai kai masa zafin na'urar, sai ya riƙa ba ka lamba sama da gaskiya da digiri da dama. Ka sa masa wayar ƙari mai tsawon mita ɗaya ko biyu, ka rataye shi daidai tsayin kan mutumin da ke zaune, nesa da bayan talabijin, nesa da kwano, kuma ba a bakin ƙofa ba. Iska mai zafi sama take hawa, don haka ma'aunin da ke kusa da rufi da wanda ke kusa da benci ba za su taɓa faɗar magana ɗaya ba. Kafin ka yarda da shi, ajiye shi awa guda kusa da wani ma'aunin da ka amince da shi. Masu arhar nan sukan kauce da digiri ɗaya ko biyu, kuma ana iya gyara wannan a cikin lissafin manhajar.

Mai karatu zai ce, ai ma'aunin bango ya fi arha. Gaskiya ne, kuma idan kallo ɗaya kake so, shi za ka saya. Fifikon na USB shi ne yana ajiye tarihi. Bayan mako biyu kana da lambobin kowane minti, ka ga ƙarfe nawa ɗakin ke kai ƙololuwa, ka ga ko buɗe taga ta sama ko sa silin ya rage wani abu, ko kuwa kuɗi kawai aka kashe. Masu sola su suka fi kowa buƙatar wannan, domin batir mai ruwan asid an ƙera shi ne don wajen digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba tsawon rayuwarsa biyu. Batirin da aka jibge a lungun ɗaki mai digiri 40 yana mutuwa ne a hankali ba tare da mai shi ya san dalili ba.

Akwai abin da lambar ba za ta faɗa maka ba. Jiki yana huce kansa ne ta bushewar gumi, don haka digiri 33 a watan Agusta, lokacin da iska ta jiƙe da damina, yana iya galabaitar da mutum fiye da 37 a busasshiyar iskar Maris. Nau'in TEMPerHUM yana auna laimar iska tare da zafi, kuma ni shi zan zaɓa wa ɗakin da ke cika da jama'a. Haka nan babu ɗayansu da ke jin hayaƙin janareta, wanda gubar cikinsa ba ta da launi ba ta da wari. Janareta wurinsa waje ne, nesa da ƙofa da taga, ko da allo na nuna digiri 25.